Tiyar Mainasara a Ɗakin Likita

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Talata Mafara ya san Mainasara, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai furfura a gemu da ke zaune a ƙarshen layin ma'auna, ya tanƙwashe ƙafa, tiyarsa a gaba. Tiya ita ce kwanon da muke awon hatsi da shi a nan. Tasa ta tsufa har fentin bakinta ya goge, amma manoma daga Dakko da Faru sukan wuce ma'auna da dama su sauke buhunansu a gabansa.

A Birnin Tudu aka haife shi. Mahaifinsa, Nasidi, ma'auni ne, kuma shi ya fara kama wannan gurbi a kasuwa. Mainasara ya daɗe yana riƙe wa uban bakin buhu kafin a bar shi ya taɓa tiya. Abu biyu ya ce tsohon ya dasa masa. Na farko, babban yatsa ba ya shiga cikin kwano, domin gurbin yatsa hatsin wani ne. Na biyu, wanda ya fara awon buhu ba ya tashi sai ya ga gindinsa. Lissafin a bakin ma'auni yake. In ya miƙe a tsakiya, mai saye zai yi zargi, mai sayarwa zai yi zargi, kuma babu wanda zai faɗa masa a ido.

Ni da shi a makarantar allo ɗaya muka zauna, lokacin da aka kawo shi Mafara wurin kawunsa. Daga baya na bi boko har jami'a, na dawo na koyar da ilimin noma a sakandare har na ajiye aiki. Sunana Falalu, amma shi bai taɓa kirana da shi ba. Ɗan Boko yake ce mini, yau da furfurata.

Shekara biyu da suka wuce ɗana Mubashir ya rasu. Yana da shekara ashirin da huɗu. Zazzaɓin taifot ne ya huda masa hanji. Duk wanda ya tambaye shi jiki a kwanakin nan, amsa ɗaya ya ba shi: da sauƙi. Haka muka koya masa, haka aka koya mana. Lokacin da aka shiga da shi tiyata, abin ya riga ya yi nisa. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan, kuma na faɗe shi ne don labarin Mainasara ba zai fito ba sai da shi.

A zaman makoki na fara lura da shi. Kullum shi ne farkon zuwa, ya zauna a gefena, ya karɓi gaisuwa a madadina in muryata ta ƙi fita. Amma ba ya daɗewa a zaune. Zai ɗauki buta ya ɓace, ya dawo, can an jima ya sake ɗauka. In aka kawo abinci sai ya ce ya ƙoshi. Na ga ya kwance mazugin wandonsa a ƙarƙashin riga, yana zaune a karkace kamar mai ɓoye wani abu a ciki. Na gani, amma hankalina ba ya tare da ni a lokacin.

Sai da aka shekara na san yadda abin yake, kuma daga bakin matarsa, Ummu Hani, na ji. Ta ce ya fi shekara biyar yana fama. Ciki ya murɗa masa, ya kumbura kamar ganga, wani lokaci zawo, wani lokaci kuma ya yi kwanaki bai zaga ba. In ya samu ya zaga sai murɗar ta lafa. Ya sha maganin olsa daga kemis, ya sha na taifot ba sau ɗaya ba, ya sha jiƙon basir na mai mota da lasifika, ya sha rubutu. Kowanne ya yi kamar zai yi aiki, sannan ciwon ya dawo inda yake.

Abin da ya sa ta zo wurina ba ciwon ba ne kaɗai. Mainasara ya fara tashi a tsakiyar awo. Sau da dama ya bar buhu rabi ya ruga bayan kasuwa, mai kaya na tsaye. Wani ɗan kasuwa daga Maradun ya ce a sake awon daga farko, a gaban jama'a, abin da ba a taɓa yi masa ba. Mamuda, shugaban ma'auna, ya kira shi gefe ya ce masa yana ganin girmansa da na mahaifinsa, amma kaka na tafe, kuma layin ba zai ɗauki ma'aunin da ba ya zama ba. In sabon gero ya shigo yana haka, za a ba wani gurbin.

Na sami Mainasara a ƙofar gidansa da la'asar. Muka gaisa yadda ya kamata: gajiya, iyali, damina, labarin hanya, waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa. Sannan na ce, "Yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Gobe za mu asibiti."

"Wa ba shi da lahiya?"

"Kai."

Ya yi dariya. "Ɗan Boko, ku dai in ba ku ga mutum kwance bisa gadon ƙarhe ba, hankalinku ba shi kwanciya."

Amma ya bi ni.

Likitar da muka samu mace ce, matashiya, sunanta Mufida. Da Mainasara ya ga haka sai ya ja ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Wagga sa'ar ɗiyata ta. Ita zan ba labarin bayan gida?" Na tura shi ciki.

Ta yi aikinta da kyau. Ta tambaya ko yana ganin jini, ko ya rame, ko yana zazzaɓi, ko ciwon na tashinsa daga barci. Duk ya ce a'a, kuma gaskiya ne. Ta danna cikin, ta tura shi gwajin jini da na bayan gida. Da sakamako ya fito muka koma, ta ce ba ta ga tsutsa ba, ba ta ga alamar taifot ba, jininsa kuma bai ragu ba. Ta ce abin ya fi kama da wani ciwo da ake yawan gani, inda hanji lafiyarsa lau a ido amma yana saurin tashi, abu kaɗan ya sa shi murɗa ko ya ƙulle. Ba ya kisa. Amma babu gwajin da ke nuna ƙarfinsa. Mai shi ne kaɗai zai iya faɗa, kuma da abin da ya faɗa ake sanin maganin da za a ba shi, da shi kuma ake gane ko maganin na aiki.

Ta ja layi a takarda. Ta ce wannan bakin babu ciwo sam, wancan bakin ciwon da ya fi kowanne. "Baba, nuna mini inda naka yake."

Mainasara ya dubi layin, ya dube ta. Ya ɗora yatsa kusa da bakin farko.

"Kumburin fa?"

"Da sauƙi."

"Yana hana ka sana'a?"

"To, muna dai godiya ga Allah."

Na buɗe baki zan yi magana, ya taka mini ƙafa. Ta dube ni, ta dube shi. Ina jin ta yi shakka, domin ta sake tambayar ta wata hanya, amma amsar ba ta canza ba. Ta ba shi shawara kan abinci, ta ce tunda abin mai sauƙi ne a fara da haka, ya dawo in ya ƙaru.

A hanya na ce masa, "Me ya sa ka yi haka?"

"Mi kaka so in ce? In zauna gaban yarinya in yi ta kai ƙarar Ubangijina? Wasu na kwance ba su ko iya tashi. Ni da ƙahwata na zo."

Wannan ba taurin kai ba ne, kuma ba jahilci ba ne. A wurinmu, wanda aka tambaya jiki ya ce da sauƙi, ya yi ladabi kuma ya yi godiya. Wanda ya tsaya yana zayyana ciwonsa, ana ganin ya rasa haƙuri. Mutum yana iya kasancewa a bakin mutuwa ya ce da sauƙi, masu dubiya su ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya tashi ya san an yi abin da ya dace. Al'ada ce mai kyau a zaure. A ɗakin likita kuwa na ga abin da take yi.

Na ce masa, "Mubashir ma da sauƙi ya ce."

Muka ci gaba da tafiya har gidansa. Na shiga don in gaida Ummu Hani, ta shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, ta tambayi yadda aka yi. Na faɗa mata. Tana tankaɗe gari, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ashe tauye mudu ka je ka yi."

Mainasara ya juyo da sauri. "Ke, Ummu Hani, san abin da za ki hwaɗi."

"Na sani, Malam. Yarinya ta miƙo ma kwano ta ce cika mani iyakar abin da ke akwai, ka zuba mata ɗan tsaki a gindi ka ce shi ke nan. In wani ya yi haka a layinku, mi kuka ce mai?"

"Wanga daban, wancan daban."

"To. Ni dai mace ta, ban san awo ba."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Shi kuma ya zauna yana kallon ƙasa. A rayuwarsa an kira shi abubuwa da yawa, mai taurin kai, mai rowar dariya, amma babu wanda ya taɓa jingina masa tauye mudu, kuma ya san abin da malamai suke faɗa a kan mai yin sa. Da na tashi tafiya ya raka ni ƙofa, ya ce, "Ɗan Boko, bakina ba ya iya hwaɗin abin ga. Na gwada, ba ya hita."

"To yaya za a yi?"

"Ka zo da sahe."

Da safe na same shi da tiyarsa a hammata da ɗan ƙullin gero a zani, muka koma wurin likita. Masu jiran layi a asibiti suka yi ta kallonsa. Wata tsohuwa ta tambaye shi nawa tiya, ya ce ba na sayarwa ba ne, na likita ne.

Da muka shiga ya gaida Likita Mufida, ya shimfiɗa zanin a ƙasa, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa kamar a kasuwa. Ya ce, "Ɗiyata, jiya ban cika miki ba. Sake tambaya. In tiya ta cika, ciwon ya kai maƙura. In wayam take, babu shi."

Ta jawo kujerarta ta matso, ta ce, "To, Baba. In ciwon ya taso, yaya ƙarfinsa?"

Ya ɗebi gero da hannu biyu ya zuba. Ya ƙara. Ya girgiza tiyar ya duba, ya ƙara kaɗan. Ta wuce rabi sosai. Likitar ta sunkuya ta duba, ta rubuta. Ya juye.

"A cikin kwana goma, kwana nawa yake zuwa?"

Wannan ya amsa da tafi: ya zuba tafi bakwai, ɗaya bayan ɗaya, yana motsa leɓe.

"Kumburin ciki?"

Ya zuba har kusa da baki.

"Rashin jin daɗin yadda kake zagawa?"

Ya kawar da kai gefe, ya kalli bango, amma hannunsa ya ci gaba da zubawa har kusa da baki.

"Na ƙarshe, Baba. Yaya yake shiga tsakaninka da rayuwarka? Sana'a, salla, zama cikin mutane?"

A nan ya daɗe. Ya cika tiyar, ya ci gaba da zubawa har ta yi tozo, geron na gangarowa kan zani. Ni ma sai a ranar na san cewa ya daina tsayawa a sahun gaba a masallaci saboda tsoron karyewar alwala, kuma ya daina zuwa ɗaurin aure in ba a unguwa ba ne.

Likitar ta haɗa abin da ta rubuta. Ta ce, "Baba, jiya na sa ka cikin masu sauƙi. Yau awonka ya sa ka cikin masu tsanani. Magani ba ɗaya ba ne." Ta ƙara da cewa tozon nan na ƙarshe shi ya fi damunta, kuma daga shi za a fara.

Ta sa shi ya ba ta labarin ranar Talata daga asuba. Ashe ranar kasuwa ce ranar da ya fi wahala, kuma dalilan suna jere. Yakan karya da ƙosai da ɗanyar albasa da shayi mai madara, a tsaye, cikin gaggawa. Goro ba ya barin bakinsa har yamma. Ruwa kuwa ba ya sha, don kada ya tashi. Da azahar ya sha fura da nono kwano guda. Ga fargabar kada cikin ya taso a tsakiyar buhu, wadda ita kanta takan tayar da shi. Tun da hanyoyinmu suka lalace da rashin tsaro, kuma ƙannensa suna bin su da kaya, fargabar ta ƙaru.

Ba ta hana shi komai gaba ɗaya ba. Ta ce a riƙa janye abu ɗaya na ɗan lokaci, a auna, a gani, don kada a raba shi da abincin da bai yi masa laifi ba. Ta ba shi ƙwayar da ke kwantar da murɗa, ya sha kafin ya fita ranar kasuwa. Ta ce ya ci abinci a zaune, ya sha ruwa, ya ba kansa lokacin zagawa da safe kafin ya bar gida, ya riƙa ɗan tattaki da yamma. Ta kuma ja masa kunne: in ya ga jini, ko rama, ko zazzaɓi, kada ya tsaya awo, ya taho a ranar.

Haka muka yi ta komawa duk daminar, shi da tiyarsa, ni da rakiya. Ba kullum awon ke sauka ba. Da aka janye wake, kumburin ya faɗi ƙasa da rabi. Da aka janye nono, bai ga wani bambanci ba, sai aka mayar masa da furarsa, ya ce wannan ce rana mafi daɗi tun da ya fara zuwa asibiti. Albasa ce ta ba shi haushi. Ya yi musu, ya ce mutumin Mafara ba ya rabuwa da albasa, amma da ya bar ɗanyar ya ga tiya ta sauka, ya ce, "To, ta ci amanata." Goro ya rage, bai bari ba, kuma bai ɓoye wa likita ba. Akwai makon da aka tare hanya ƙaninsa na ciki. Allah ya tsare, ya dawo lafiya, amma a zuwan da ya biyo baya komai ya hau. Likitar ta ce wannan ma awo ne, ya nuna mana abin da tashin hankali ke yi wa hanjinsa.

Abu ɗaya ya rage, kuma likita ba ta da maganinsa. Ita ta ce masa, "Baba, muddin kana zaune kana tsoron tashi, cikin zai riƙa tashi. Ka gaya wa shugabanku."

Ya yi kwanaki yana juya maganar. Ana gab da shigowar sabon gero ya ce in raka shi rumfar Mamuda. Bayan doguwar gaisuwa Mamuda ya ce, "Ya jikin, ɗan Nasidi?"

"Da sauƙi," in ji Mainasara. Sai ya yi gyaran murya. "Amma ba duka ba. Ciwon hanji gare ni, likita ta gani. Da ya kai nan." Ya nuna bakin tiya da yatsa. "Yanzu yana nan." Ya sauke yatsan ƙasa da rabi. "Ban tashi a tsakiyar buhu, in Allah ya so. Amma tsakanin buhu da buhu, in na kihe tiya, a san na zaga, ina dawowa."

Mamuda ya dube shi. "Shekara nawa kana wanga hali ba ka hwaɗi ba? Mu muna can muna cewa ko tsuhwa ta, ko ka gaji da mu."

"Kai ka tsuhwa, Mamuda. Ni ciki na."

Suka yi dariya. Mamuda ya ce a ga Talatar farko ta kaka.

Na je kasuwa ranar, na zauna a rumfar mai shayi inda nake hango shi. Buhunan sabon gero sun cika layi. Ya fara awo da hantsi, muryarsa na tashi da lissafi, hannun na tafiya yadda na san shi tun muna samari. Da rana ta take ya gama wani buhu, ya kife tiya, ya ɗauki buta ya tafi a natse. Manomin da ke biye, mutumin Dakko, ya zauna a kan buhunsa ya jira. Wani ma'auni ya yafito shi, manomin ya girgiza kai. Mainasara ya dawo, ya wanke hannu, ya buɗe tiya, suka ci gaba. Bai bar buhu ko ɗaya a rabi ba har aka tashi. Da yamma Mamuda ya biyo layi, ya tsaya a kansa, ya ɗebi geron ya duba, ya ce, "Sai Talata mai zuwa," ya wuce.

Bai warke ba. Likita ta gaya masa tun farko cewa ciwo ne mai tafiya ya dawo. Amma ya koma sahun gaba, kuma gurbin Nasidi yana hannunsa. Na ji Likita Mufida ta ajiye ƙaramin kwano da ƙullin dawa a ɗakinta saboda tsofaffin da layin takarda ba ya shigarsu.

A waccan Talatar farko ta kaka, bayan an watse, na taya Mainasara kakkaɓe zani. Saura ɗan gero a gefe. Ya ce, "Ɗan Boko, ya haƙuri?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ya turo mini tiyar da ƙafa, ya juya yana ɗaure bakin buhu, ya bar ni da ita. Na tsuguna na zuba. Ta wuce rabi. Da bara ne, da ta zube.

Ya waigo ya duba, ya gyaɗa kai, ya juye geron a zani. Muka kama hanyar masallaci.